Maganin da ke kashe ciwon gwiwa a dare ɗaya

Idan tsoho ya fara dafa bango kafin ya miƙe daga sujada, sai mutanen gida su ce sanyi ne ya shige shi. Galibi kuwa guringuntsin da ke lulluɓe da kan ƙashin gwiwa ne ya zaizaye, har ƙashi ya soma gogar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da irin wannan amosanin gaɓɓai, kuma har gobe ba a samu ƙwayar da aka tabbatar tana mayar da guringuntsin da ya cinye ba.

Wannan bai hana kasuwar magani ci ba. Robobin glucosamine da chondroitin sun cika kantunan kemis, ga tsada. A 2006 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan masu ciwon gwiwa 1,583: a jimlace, waɗanda suka sha su ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da ba komai a cikinta samun sauƙin a-zo-a-gani ba. Kurkum da citta sun ɗan taɓuka abin kirki a ƙananan gwaje-gwaje, kuma ba wanda zai hana ka zuba su a miya ko shayi. Amma kafso ɗin kurkum mai ƙarfi ya sha taɓa hantar wasu, mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) kuma yana iya jawo wa kansa zubar jini in ya haɗa su.

Abubuwan da aka ga amfaninsu ba su da kwarjini ko kaɗan. Rage ƙiba na gaba, domin duk kilo ɗaya da ya sauka yana ɗauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Sai tafiyar ƙasa kullum, da miƙe ƙafa ana zaune don ƙarfafa naman cinya, da gasa wurin da tsumma mai ɗumi, da man shafawa na diclofenac, wanda bai kai ƙwayarsa cin ciki ba. Sandar dogarawa ma magani ce, in an riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na gwiwar mai ciwo ba. Wanda kuma gaɓoɓin yatsunsa ke kumbura hagu da dama, suna sandarewa da safe fiye da awa guda, nasa ciwon daban ne, asibiti zai nufa tun gaɓa ba ta karkace ba.

Ni dai robar da ba ta aiki ba ita ta fi damuna ba, asarar kuɗi ce kawai. Wanda ke ba ni tsoro shi ne mai aiki nan take: haɗin ƙwayoyi kala-kala da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna, ko garin da mai talla ke rantsuwa zalla itatuwa ne. Ka sha da dare, da asuba ka taka har masallaci ba ɗingishi. Saiwa ba ta wannan saurin. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gano dexamethasone da diclofenac a ɓoye cikin Artri King, wanda ake sayarwa da sunan ƙarin abinci.

Dexamethasone na kwantar da kumburi, gaskiya ne. Bayan watanni sai fuska ta cika ta yi zagaye, maƙwabta na cewa, "Baba, ka yi kyau, jiki ya dawo." A ciki kuwa suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na ruɓewa, ga diclofenac yana yi wa ciki da ƙoda ɓarna.

Wanda ya daɗe yana shan irin wannan haɗi, kada ya yanke shi rana ɗaya. Jikinsa ya riga ya rage samar da nasa sinadarin mai kama da dexamethasone, yankewar gaggawa na iya kayar da shi warwas. Ya ɗauki ledar ko robar ya kai wa likita, a auna sugansa da jininsa, a riƙa rage masa a hankali.