Faifan CD Ma Yana Da Iri: Yadda Za Mu Kwafe Shi Ba Tare Da Kuskure Ba

'Yan'uwa manoma, kowa a cikinmu ya san bambancin hatsin ci da hatsin iri. Na ci, kowace zangarniya ta isa. Na iri kuwa sai an zaɓa tun a gona, a shanya shi dabam, a ajiye shi inda ƙwari da laima ba su kaiwa. A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wata dukiya da ita ma take bukatar irin wannan kula, watau faya-fayan CD da ke kwance cikin akwatunan ƙungiyoyinmu a Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ƙafur da kewaye.

A shekarun da faifai ya ture kaset, an ɗauki abubuwa masu yawa a kansa: tarurrukan ƙungiya, koyarwar malaman gona, waƙoƙin mawaƙa da na zumuntar mata, da jawaban dattawa. Mutanen da suka ga farkon aikin gona na Funtuwa, wanda aka kafa da taimakon Bankin Duniya a 1975, suna ta raguwa. In an taɓa ɗaukar muryar ɗaya daga cikinsu yana ba da labarin auduga da takin zamani, mai yiwuwa faifan nan ɗaya ne kaɗai ya rage. Ran da ya ƙi karantuwa, maganar ta tafi ke nan. Ga shi kuma yawancin sababbin kwamfutocin hannu ba su zuwa da wurin sa faifai. Saboda haka lokacin kwafewa shi ne yanzu.

Yadda sauti yake zaune a kan faifai

Kamfanonin Philips da Sony ne suka haɗa kai suka fito da faifan CD, aka fara sayar da shi a Japan a 1982. Fāɗinsa santimita 12 ne. An rubuta sautin da lambobi, a kan layi ɗaya siriri wanda ya naɗe daga tsakiya zuwa baki kamar saƙar faifan kaba. In da za a warware layin nan, tsawonsa ya wuce kilomita 5. A kowace daƙiƙa ɗaya an auna sauti sau 44,100, hasken leza kuwa shi ne yake bin layin yana karanta lambobin.

Masu ƙirar sun san faifai zai ƙarje, saboda haka suka ƙara waɗansu lambobi na gyara. Da su na'ura takan cike abin da ya ɓace, in dai ɓarnar ba ta wuce kimanin milimita 2 da rabi a tsawon layin ba. In ta fi haka, na'urar ba ta tsayawa ta faɗa mana. Sai ta dubi sautin da ke gaba da na baya, ta yi cinta, ta wuce. An yi haka ne don kada waƙa ta yanke ana cikin saurare, kuma sau da yawa kunne ba ya ganewa.

Nan ne matsalar take. Manhajar da ke kwafe faifai da sauri takan karanta kowane wuri sau ɗaya tak. Abin da na'ura ta ba ta, gaskiya ne ko cinta, shi za ta rubuta. Sai a sami kwafi mai ƙas-ƙas a wani wuri, ko tsallake a tsakiyar magana, ba wanda ya sani sai bayan shekaru, sa'ad da uwar faifan ta riga ta mutu. Don kwafi ya yi ƙara a lasifika, wannan bai nuna ya yi daidai da asali ba.

Mu fara sanin irin faifan da ke hannunmu

Ba kowane faifai ne ke bukatar wannan aiki ba. In muka sa shi cikin kwamfuta muka ga sunaye masu ƙarewa da mp3, ko kuwa faifan bidiyo ne, to, fayiloli ne kawai, sai a kwashe su kamar yadda ake kwashe hotuna. Faifan sauti na ainihi shi ne wanda ba ya wuce minti 74 ko 80, wanda kuma kwamfuta mai Windows take nuna waƙoƙinsa da sunaye masu ƙarewa da cda.

Sai mu lura ƙwarai a nan. Waɗannan cda ba sautin ba ne, alamu ne kawai masu nuna inda kowace waƙa ta fara. Wanda ya kwashe su ya zuba a filash ya ɗauki buhu ne ba hatsi a ciki. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: minti ɗaya na sautin faifai yana cin wajen megabait 10, cda kuwa bai kai ko kilobait ɗaya ba.

Kayan aiki

Ana bukatar kwamfuta, da na'urar karanta faifai, ko ta jikin kwamfutar ko wadda ake haɗawa da waya ta USB. Gara kwamfutar hannu mai batiri mai kyau, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki sai an sake daga fari. Sa'an nan ana bukatar manhaja mai karatu a tsanake. Wadda ta fi shahara a Windows ita ce Exact Audio Copy, wadda wani Bajamushe mai suna Andre Wiethoff ya fitar a 1998, kyauta ce kuma ga wanda ba ciniki zai yi da ita ba. Masu Linux suna da cdparanoia, masu Mac kuma suna da XLD. Ƙungiyar da ba ta da kwamfuta tana iya zuwa shago a gari, amma magatakarda ya zauna wurin, ya ga an bi matakan nan da idonsa.

Matakan aikin

Na fari, a tsabtace faifan. A riƙe shi ta baki da ramin tsakiya. A hure ƙura tukuna, gama ƙurar hunturu in aka goga ta a bushe, ita kanta takan ƙarje faifai. A sa tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, da ɗan sabulu kaɗan in akwai maiƙo. A goge daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye. Dalili kuwa shi ne, ƙarjin da ya gitta layi ɓarnarsa kaɗan ce a kowane zagaye, na'ura tana iya gyarawa, amma wanda ya bi layin yakan cinye wuri mai tsawo. Kada a sa kananzir ko fetur.

Na biyu, a saita manhajar a kan hanyar da aka rubuta wa suna Secure. A wannan hanya takan sake karanta wuri ta gwada da karatun fari. In suka saɓa, sai ta yi ta maimaitawa har ta sami abin da ya tabbata, in kuwa ta kāsa sai ta rubuta minti da daƙiƙar da take shakka. Faifai mai lafiya yakan ƙare cikin 'yan mintoci, mai ƙarji yana iya cin awa ɗaya ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, a zaɓi abin da aka rubuta wa Test & Copy. Wannan kamar a auna hatsi sau biyu ne kafin a ɗinke buhu. Manhajar za ta karanta kowace waƙa sau biyu, kowane karatu ta fitar masa da lamba mai gurbi 8, haruffa haɗe da alƙaluma. In lambobin biyu suka zo ɗaya, alama ce mai ƙarfi aikin ya yi. In suka bambanta, akwai kuskure. Sai a sake goge faifan, ko a gwada wata na'ura, domin abin da wata ta kāsa karantawa wata takan iya.

Na huɗu, in akwai intanet, manhajar takan tambayi wani rumbu da ake kira AccurateRip, inda mutane daga ƙasashe dabam dabam suka aika da lambobin faya-fayansu. In lambarmu ta dace da tasu, mun sami shaidu da yawa. Amma fa wannan yana amfani ne ga faifan kamfani da aka buga da yawa. Faifan taronmu ba wanda ya taɓa aika lambarsa, saboda haka mataki na uku shi ne madogararmu.

Na biyar, a ajiye rahoton da manhajar take rubutawa a ƙarshe, tare da sautin. Bayan haka mutum biyu su zauna su saurari duk wurin da rahoton ya nuna shakka. In faifan ya riga ya lalace a wani wuri, a karɓi abin da ya samu, a rubuta inda ya ɓaci. Rabin jawabin dattijo ya fi babu.

Na iri da na ci

Manhajar za ta tambaya a wace siffa za a ajiye sautin. WAV shi ne sautin yadda yake, faifai cikakke yakan ci wajen megabait 800. FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse shi ya koma kusan rabi ba tare da an zubar da kome ba, kamar audugar da aka danne a ɗauri. MP3 kuwa yakan rage shi har zuwa wajen kashi ɗaya cikin goma, ta wurin zubar da abin da ake zaton kunne ba zai kula ba, abin da aka zubar kuma ba ya dawowa.

To, FLAC ko WAV shi ne irinmu. Daga gare shi za mu yi MP3 don tura wa 'yan ƙungiya a waya da memori, wannan shi ne na ci. Kada a mai da MP3 ya zama uwa, domin duk lokacin da aka sake matse shi sai ya ƙara rauni. Memori mai gigabait 32 yana ɗaukar faifai fiye da 60 a siffar FLAC, kuɗinsa kuwa ba zai gagari ƙungiya ba.

Ajiya

Kwafi ɗaya bai isa ba. Filash yakan ɓata, yakan mutu ba gargaɗi, yakan kuma kwaso cutar kwamfuta a shaguna. A yi kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya a wani gari dabam. Wanda aka keɓe don ajiya kada a riƙa yawo da shi. Kowace shekara bayan kaka, sa'ad da ake lissafin kuɗin ƙungiya, a fito da su a gwada.

Kada a yar da uwar faifan. Yawancin namu irin da ake ƙonawa ne a kwamfuta, watau CD-R, wanda rubutunsa yake cikin wani rini da rana da zafi suke ɓatawa. A sa shi cikin gidansa, a tsaye, a ɗaki mai inuwa, nesa da taga da rufin kwano, musamman a zafin bazara. Mu sani kuma bayan faifan, inda ake rubuta suna, ya fi cikinsa rauni, gama rubutun yana dab da fatar sama. Kada a rubuta masa da biro.

Magatakarda ya buɗe littafi, ya rubuta wa kowane faifai lamba, da ranar ɗauka, da garin, da masu magana, da ranar da aka kwafe. Murya ba suna, bayan shekara ashirin ba wanda zai san ta wane ne.

Kayan wani

Abin da muka faɗa duka don adana namu ne. Faifan mawaƙi ko na kamfani guminsa ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa sabuwarta hannu a 2023, ta hana a buga kayan mutum a sayar ba da izininsa ba. Ba ma son a girbe mana gona, kada mu girbe ta wani.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan magana cikin taro mai zuwa. Kowa ya kawo faifan da ke gidansa, a zaɓi mutum biyu, babba ɗaya da ya san muryoyin, da matashi ɗaya da ya iya kwamfuta. A fara da waɗanda ba su da na biyu, da waɗanda masu maganar cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Rani ne lokacin aikin, tun gona ba ta kira mu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.