Tafkin Kainji: Kare Muhalli Aikin Masu Riƙon Gado Ne

Wasu na ɗaukar batun sauyin yanayi a matsayin hirar 'yan boko da ƙungiyoyin Turai, wadda ba ruwan mai riƙo da al'ada a ciki. Tarihi bai goyi bayansu ba. A 1989, Margaret Thatcher, jagorar masu ra'ayin riƙau ta Birtaniya, ta tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya tana gargaɗi kan ɗumamar duniya. Hujjar masu irin ra'ayinta ita ce, abin da ka gada amana ne, sai ka miƙa shi ga na baya lafiya.

Mutanen Warra, Yauri da Shanga da ke yankin tafkin Kainji ba baƙin wannan magana ba ne. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya tashi mutum kusan 44,000, ciki har da Gungawan da suka bar tsibiran kakanninsu. Har yau masunci da ruwa biyu yake lissafin shekara: farin ruwa mai laka da damina ke kawowa, da baƙin ruwa da ke isowa lokacin sanyi daga tsaunukan Gini. Manomin albasa kuma ja da bayan ruwa yake jira ya dasa a gaɓa. Idan sama ta saɓa lokacinta, kamar ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, lissafin kowa ya rushe.

Masu riƙon gado sun taɓa kare tafkin. A shekarun 1990, ragar dala mai ƙananan idanu ta riƙa kwashe kifin warangi haɗe da 'ya'yan manyan kifaye. Shirin kamun kifi na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya gane cewa doka a takarda ba ta hana masunci jefa raga. Sai aka bi ta masarautun Yauri da Borgu da sarakunan ruwa wajen yanka lasisi, hana dala, da gayyar kwashe kainuwa. Masunci yana iya ɓuya wa jami'i, amma ina zai ɓuya wa sarkin ruwan garinsu?

Wannan hanya ta cancanci a farfaɗo da ita. Hakimai su tsawatar kan sare itatuwan gaɓa don gawayi, domin saiwarsu ce ke riƙe ƙasa. Limamai su faɗa a huɗuba cewa zuba guba a ruwa ɓarna ce. 'Yan siyasar da ke neman ƙuri'a da sunan addini da al'ada kuwa, a tambaye su kasafin da suka ware wa tafkin.