Ciyawar Ƙofar Gida Bayan Hunturu: Yadda Ake Farfaɗo Da Ita A Ƙasashen Sanyi

 Yau maganar ciyawa na kawo mana. Na san wani zai yi dariya ya ce, mu da muke nome ciyawa, me ya haɗa mu da renonta? To a Amurka da Kanada da Ingila, koriyar ciyawar da ake shimfiɗawa a ƙofar gida maganar kuɗi ce. Wasu biranen Amurka sun ƙayyade tsayinta, in ta wuce santimita 20 zuwa 30 sai tara. A gidajen haya da yawa a Ingila, kula da lambu yana cikin yarjejeniya, in ka bar shi ya lalace a cire daga kuɗin ajiyarka. Ga 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a can, wannan ilimi ne da zai tsare musu aljihu.

Mu fara gyara kalma ɗaya. A wurinmu bazara ita ce lokacin zafin nan kafin saukar damina. A can kuwa, abin da ake fassarawa da bazara shi ne watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da dusar ƙanƙara ta narke, ƙasa ta fara ɗumi, tsirrai suka fara tohowa.

Abu na farko da nake so ku riƙe: ciyawar da kuka gani ta yi ruwan ƙasa bayan hunturu, yawanci likimo ta yi. Ganyen ya bushe, amma gindin da ke daf da ƙasa da saiwoyin suna nan da rai. Gwajin mai sauƙi ne: kama ɗan tsagi ka ja. In ya turje, da ranta. In ya tumɓuke ba wahala, saiwar ta ruɓe, wurin sai sabon iri.

Kuma ciyawar iri biyu ce. Akwai ta ƙasar sanyi, wadda ake shukawa a Ingila da Kanada da arewacin Amurka, tana farkawa da zarar ɗumin ƙasa ya kusa digiri 10. Akwai ta ƙasar zafi, irin ta kudancin Amurka, ita sai zafi ya kankama take kore. Shahararriya a cikinsu ita ce wadda suke kira ciyawar Bamuda, wato dai ƙiri-ƙirin nan tamu mai yaɗo a ƙasa. Sai ka san wacce ce a gidanka kafin ka yanke mata hukunci, don mutum zai iya haƙe lafiyayyar ciyawa a Maris alhali lokacin tashinta ne bai yi ba.

To mene ne hunturu yake ɓatawa? Dusar ƙanƙara in ta daɗe kwance a kan ciyawa, ƙarƙashinta yana yin laima, sai wata fumfuna ta fito, ta bar da'irori masu launin toka ko ja-ja, ganyen ya manne wuri guda. Gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana gangarowa gefen ciyawa ya ƙone ta, domin gishiri yana hana saiwa shan ruwa. Ƙananan ɓeraye kuma suna yin hanyoyi a ƙarƙashin ƙanƙarar. A Ingila, inda ruwa ya fi ƙanƙara yawa, babbar matsalar gansakuka ce.

Matakin farko shi ne haƙuri. Kada ka taka ciyawar tun ƙasa na caɓi. In sawunka yana lotsawa, koma ciki ka jira. Taka jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danne ta, ya toshe ƙananan kafofin da iska da ruwa ke bi zuwa saiwa.

In ta tsane, ɗauko manjagara. Kwashe busassun ganye da itatuwa, ka taje wuraren da fumfuna ta manne don iska ta shiga. Mafi yawansu suna warkewa da kansu, ba sai an sa magani ba. Sannan duba tsakanin koren ganye da ƙasa, akwai wata tabarma ta matattun saiwoyi da karare. 'Yar kaɗan tana da amfani, tana riƙe laima. Amma in kaurinta ya wuce santimita ɗaya da 'yan kai, tana tare ruwa, sai a kankare ta. Wurin da gishiri ya ƙone kuma, a yi ta kwarara masa ruwa har gishirin ya nutse ƙasa da saiwa.

Sai huda ƙasa. Gwada soka sukundireba a wurare daban-daban. In ta ƙi shiga alhali da laima, ƙasar ta danne. Ƙaramin fili, cebur mai yatsu ya isa: soka shi kamar santimita 10, ka ɗan girgiza, ka matsa gaba. Babban fili akwai injin haya mai zaro ƙasa kamar ɗan yatsa. Gansakuka ma a nan maganinta yake, domin ƙasa dannanniya mai laima da inuwa take so. Ko ka kashe ta da magani, in ba ka gyara wannan ba za ta dawo.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke asarar kuɗi, ku saurara da kyau. Wuraren da suka yi sanƙo ana watsa musu sabon iri: a sassauta saman ƙasa, a watsa, a ɗan danne don irin ya taɓa ƙasa, a riƙa yayyafa ruwa kullum har ya tsiro, abin da ke ɗaukar mako ɗaya zuwa uku gwargwadon irin. A daidai wannan lokacin ne kuma a Amurka ake zuba maganin hana tsirowar wata muguwar ciyawa mai mamaye fili, wadda danginsu ɗaya da accar da muke ci. Tana tsirowa in ɗumin ƙasa ya kai wajen digiri 13. Matsalar ita ce galibin wannan magani bai san naka ba bai san na wani ba, duk irin da ya tarar zai hana shi tashi. Ka zuba iri ka zuba maganin, ka zubar da kuɗinka ke nan. Zaɓi ɗaya. In sanƙon bai yi yawa ba, sa maganin yanzu, ka bar shukar sai Satumba, wanda dama shi ne lokaci mafi kyau ga ciyawar ƙasar sanyi.

Taki kuma a yi a hankali. In ka antaya nitrojin da wuri, ganye zai yi ta fita gwanin sha'awa, saiwa kuwa ta tsaya, zafin Yuli na zuwa sai ta zube. Bari ka yi yanka sau biyu ko uku tukuna, sannan ka sa kaɗan. In da hali a gwada ƙasar: ciyawa ta fi son ma'aunin tsami tsakanin 6 da 7, in tsamin ya yi yawa sai a watsa farar ƙasa ta noma.

Wajen yanka, doka ɗaya ce: kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka guda. Ta ƙasar sanyi a bar ta santimita 6 zuwa 9, domin doguwa tana yi wa ƙasa inuwa, ta hana haki tsirowa. A wasa wuƙar injin, dakusasshiya yaga ganye take yi. Ruwa kuwa, kamar santimita 2 da rabi a mako har da na sama, da sassafe, a ƙoshi sau ɗaya ko biyu. Yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama.

Akwai wani gefe da ya dace mu sani. Injin yankan ciyawa, Edwin Budding ne ya ƙirƙiro shi a Ingila a 1830, shi ya sa abin da a da sai masu hannu da shuni ya zama na kowa. Amma yana da tsada. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ban ruwan lambunan gida yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da gidaje ke amfani da shi. Shi ya sa a 2021 jihar Nebada ta yi dokar cire ciyawar ado zalla a yankin Las Begas. A Birtaniya kuma, tun 2019 ƙungiyar Plantlife ke kiran mutane su ajiye injin a watan Mayu don furanni su fito, ƙudan zuma su samu abinci.

Ni a ganina, nan darasin yake gare mu. Masu shimfiɗa ciyawa a gidaje a Kano ko Abuja, ko matasan da ke kula da filin ƙwallon unguwa, ka'idar ɗaya ce, lokacin ne ya bambanta: abin da ke sa tamu likimo rashin ruwa ne, farkawarta kuma farkon damina. A taje, a huda, a cike sanƙo in ruwa ya zauna. Amma a unguwar da ake layin ruwa da jarka, a zaɓi mai jure fari irin ƙiri-ƙiri, a bar ta ta bushe da rani, damina za ta tashe ta.