Ƙarin Sifirin Ga A-Kori-Kura: Abin Da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani

Manoma da 'yan kasuwa, ga kaka tana matsowa, lokacin da a-kori-kura ba ta samun hutu. Daga gona zuwa rumbu, daga kasuwar ƙauye zuwa Dawanau, ko'ina ka duba sai ka ga mota ta tsuguna, bayanta kamar zai taɓa ƙasa, hancinta kuwa ya ɗaga sama. Maganin da yawancin masu mota kan nema shi ne a ƙara mata sifirin a baya. Dabara ce mai kyau in an yi ta bisa ƙa'ida. In kuwa an yi ta da ka, sai ta jawo hasarar da ta fi wadda ake gudu. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, bari mu yi bayaninta tun yanzu.

Me ke sa mota ta tsuguna?

Bayan yawancin a-kori-kura, ko Toyota Hilux ce, ko tsohuwar Peugeot 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, yana zaune ne bisa faifayen ƙarfe dogaye da aka jera, wani kan wani, aka ɗaure su da ƙusa guda a tsakiya. Su ne sifirin. In kaya ya hau sai su miƙe, in an sauke su koma yadda suke. Yau da gobe ƙarfen kan gaji, ya daina komawa sosai.

Tsugunawar nan ba muni kaɗai gare ta ba. In baya ya sauka, nauyi yakan ragu a kan ƙafafun gaba, sitiyari ya yi sako-sako, mota ta riƙa yawo a hanya. Da dare fitilunta su haska sama, su kashe wa mai tahowa ido. In an faɗa rami kuma, akisil ya daki shasi, har wata rana ƙarfen ya tsage.

Abin da ƙarin sifirin ba ya iyawa

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ƙarin sifirin yana ɗaga bayan mota, ya daidaita ta, amma ba ya ƙara nauyin da maƙeranta suka ƙayyade mata ko da kilo ɗaya. Wannan nauyi yana rubuce a wani ɗan allo, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin ɗakin inji, yana kuma cikin littafin motar. Birki, da akisil, da taya, da shasi, duk an auna su ne bisa wannan lissafi, sifirin kuwa ba ya canza ko ɗaya daga cikinsu.

Yawancin a-kori-kura irin namu abin da aka yi su domin ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba, watau kilo 1,000, kuma direba da yaran mota da duk wanda ya hau suna cikin lissafin. Buhun masara mai kilo 100 guda 8 da mutum uku sun kusa cika shi. Takin zamani mai kilo 50, buhu 16 ke nan. Wanda ya loda buhun masara 18 don ya ga mota ta daina tsugunawa, ya ɓoye ciwo ne, bai warkar da shi ba. Banda haka, lodi fiye da kima laifi ne da jami'an hukumar kiyaye haɗura ke kamawa a kai.

Dubi tayarka kuma. Akwai lamba a gefenta mai nuna iyakar abin da za ta ɗauka. Misali, 104 na nufin kilo 900, 106 kuwa kilo 950, in an ba ta iska yadda ya kamata.

Iri huɗu ne

Na fari, a cusa falle guda cikin jerin sifirin. Shi ne mafi araha, kowane makaniki ya san shi. Aibinsa shi ne kullum yana aiki, saboda haka in babu kaya sai mota ta yi tauri, ta riƙa tsalle a kan gargada. Ya dace da motar da ba ta rabuwa da lodi.

Na biyu, sifirin mataimaki da ake ɗorawa a saman jerin. Ba ya aiki sai mota ta sauka da kaya har bakinsa ya taɓa matokarin da aka kafa a jikin shasi. In mota ba kaya, tana nan da laushinta. Wannan ya fi dacewa da manomin da ke jigila da kaka, sauran shekara kuwa yana ɗaukar iyali.

Na uku, wani curin roba mai rami a ciki, wanda ake sa wa a gurbin ƙaramar robar da ke hana akisil dukan shasi. Ɗaura shi ba wuya, ba ya kuma bukatar kulawa, sai dai na kirki yana da tsada.

Na huɗu, jakar iska, wadda ake hurawa ko a sace gwargwadon kaya. Tana da daɗin tafiya, amma ba a barinta ba iska sam, kuma tsakuwa da ƙirare na iya huda ta ko su yanke bututunta. Wanda motarsa ke shiga daji, nesa da mai gyara, sai ya yi tunani kafin ya saya.

Kafin ka biya kuɗi

Ka fara duba sifirin da ke jikin motar. In akwai fallen da ya karye, ko robobin bakinsa sun cinye, ko shakazoba ta mutu tana yoyon mai, su za ka fara gyarawa. Ɗora mataimaki a kan karyayyen sifirin kamar yaɓe ne a kan rusasshen bango.

Sa'an nan ka tsai da mota a wuri mai daidai, ka auna daga tsakiyar ƙafa zuwa bakin bodi, dama da hagu, babu kaya. Ka yi lodin da ka saba, ka sāke aunawa, ka rubuta. Da wannan za ka san yawan taimakon da take bukata, ka kuma gane bayan aiki ko kuɗinka ya yi amfani.

In za ka Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar da ta fi kusa da kai, tafi da awon faɗin falle da tsawonsa. Ka sayi biyu iri ɗaya, kauri ɗaya, lanƙwasa ɗaya, domin in gefe guda ya fi ƙarfi mota za ta karkace. In na hannu ne, a goge tsatsa a duba tsaga, musamman kusa da ramin tsakiya. Ka haɗa da sababbin yubol, watau ƙusoshin nan masu lanƙwasa da ke ɗaure sifirin da akisil, da sabuwar ƙusar tsakiya mai ɗan tsawo. Tsofaffin yubol sun riga sun miƙe, ba su sāke kamawa sosai.

Yadda ake ɗaurawa

Ko ba kai za ka yi da hannunka ba, ka tsaya ka ga an bi wannan tsari. A ajiye mota a ƙasa mai tauri, a sa waigi a ƙafafun gaba. A ɗaga ta, a tokare shasi da matokaran ƙarfe. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko wadda aka ɗora a kan bulo. A tallafi akisil da jak, a gama gefe guda kafin a taɓa ɗayan.

In za a cusa falle, a matse jerin da matsi mai ƙarfi kafin a kwance ƙusar tsakiya, sa'an nan a sassauta a hankali, gama ƙarfen nan a ɗame yake, in ya kuɓuce yana iya karya hannu. A jera faifayen bisa tsawonsu, a tabbata kan ƙusar tsakiya ya zauna cikin raminsa a kan akisil. In bai zauna ba, mota za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Sa'ad da ake saukar da akisil, a lura kada a ja tiyon birki.

Notocin yubol a ɗaure su kaɗan-kaɗan, ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ɗaurin ƙarshe sai an sauke mota ta tsaya da ƙafafunta. Abu biyu an hana: kada a yi wa sifirin walda ko a gasa shi da wuta, domin zafi na kashe ƙarfinsa, kada kuma a huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa.

Bayan an gama

Tsofaffin a-kori-kura da yawa suna da wani ɗan bawul a baya, mai sanda da ke haɗe da akisil. Aikinsa shi ne, in mota ta sauka da kaya, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. To, in sifirin ya hana ta sauka, bawul ɗin zai ɗauka babu kaya, ya rage wa ƙafafun baya birki alhali mota na cike. Ka sa makaniki ya daidaita shi, ka gwada birki da kaya a wurin da ba jama'a. A daidaita fitilu kuma. Bayan tafiyar kilomita 100 zuwa 150, a sāke ɗaure yubol, gama sabon falle kan zauna, noti ya saki.

Wajen lodi, kaya masu nauyi su tafi gaba, jikin ɗakin direba, a raba su daidai dama da hagu. Abin da aka tara a bayan akisil shi ke ɗaga hancin mota.

Sawu biyu da kaya daidai ya fi sawu ɗaya da zai ƙare a bakin hanya, akisil a karye, kwandunan tumatir na ruɓewa a rana. Kuɗin man sawu na biyu bai kai kuɗin akisil ba, balle ran mutum. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.