Sigar Gwaji ta Windows a Yankin Lambara: Yadda Take Shigowa da Abin da Take Haifarwa

Sigar gwaji ita ce kwafin babbar manhajar kwamfuta da kamfani ke saki tun bai gama aiki a kanta ba, domin masu sa kai su gwada ta su sanar da shi inda take tuntuɓe. Microsoft ta buɗe shirinta na Windows Insider a ranar 1 ga Oktoba 2014, kusan wata goma kafin fitowar Windows 10. A watan Maris 2023 rukunan shirin suka zama huɗu: Canary, Dev, Beta da Release Preview. Na farkon ɗanye ne shar, na ƙarshen kuwa dab yake da abin da za a raba wa jama'a. Abin da ake so daga mai gwaji a bayyane yake: kada ya ɗora ta a kan kwamfutar da yake neman abinci da ita, ya riƙa sabunta ta a kai a kai, ya kuma bar na'urar tana aika wa kamfanin rahoto. Duk ukun an tsara su ne da tunanin mutum mai kwamfuta biyu, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet ɗin da ba a lissafa masa kuɗi a kan kowane gigabait.

A Lambara, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Shagari ta jihar Sakkwato, da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita ta ɓangaren Boɗinga, ba a cika samun mai irin wannan hali ba. Kwamfutar da ke shago ita ce jarin mai shagon. Da ita ake buga takardu, a wanke hoton fasfo, a duba sakamakon WAEC da NECO, a cike fom ɗin makaranta. Ta hannun ɗalibi kuma ita ce ma'ajiyar aikinsa na kammala karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wata kwalejin birnin Sakkwato. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, buƙatar na'urar ta ƙaru har a ƙauyuka. Irin waɗannan kwamfutoci ne sigar gwaji ke faɗawa a kansu, sau da yawa ba da sanin mai ita ba.

Babban dalili shi ne hanyar da manhaja ke bi kafin ta iso. Fayil ɗin ɗora Windows 11 ya haura gigabait 5. Sauke shi ta sabis ɗin waya a wurin da layi ke hawa da sauka aiki ne na sa'o'i, ga tsadar data, wadda ta ƙaru bayan hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025. Saboda haka mutum ɗaya ne ke saukewa a birni, sauran su kwafa daga filashi zuwa filashi. A kan hanya ake sauya wa fayil suna, lambar sigar ta ɓace, abin da ya rage kawai shi ne "sabuwar Windows". A tsakiyar Yuni 2021 wani kwafin Windows 11 mai lamba 21996 ya ɓulla a intanet ba da izinin kamfanin ba, kwanaki kafin a sanar da manhajar a ranar 24 ga watan, watanni kuma kafin a sake ta a 5 ga Oktoba. Kwafi irin wannan ba ya mutuwa da wuri. Muddin yana cikin filashin wani mai gyara, ana iya ɗora shi shekaru bayan zamaninsa ya wuce.

Dalili na biyu yana cikin na'urorin kansu. Yawancin laftof ɗin da ke shigowa Arewa na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka biyo ta kasuwar Computer Village ta Ikeja ko shagunan Kano. Windows 11 kuwa ta gindaya sharuɗɗa: ram gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, tsarin tashi na UEFI, kariyar TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na takwas zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. HP EliteBook 840 G3 da Lenovo ThinkPad T460, waɗanda har yau ke aiki ƙalau, 'yan ƙarni na shida ne, don haka an bar su a waje. A farkon gwajin 2021 Microsoft ta ɗan bar wasu na'urorin da ba su cika sharuɗɗa ba su shiga, sannan ta fitar da su kafin sakin manhajar. Ƙofar ta rufe, amma zancen cewa "ta gwaji ta fi karɓar tsohuwar kwamfuta" ya ci gaba da yawo. Da Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, matsin ya ƙaru. Sayen sabuwar na'ura kuma ya yi wa mutane nisa tun bayan faɗuwar darajar naira daga Yuni 2023.

Akwai kuma ruwan kasuwa. Mai saye na son ganin sabon abu a allo, mai sayarwa ya san haka.

Matsalolin ɗorawa bi da bi suke zuwa, kuma inda aikin ya tsaya shi ne alamar farko ta gane musabbabi. Idan kwamfuta ta ƙi ganin filashin sam, yawanci saɓanin tsari ne: tsohuwar na'ura na tashi da Legacy da faifai mai rabon MBR, ita kuwa Windows 11 UEFI da GPT take nema. Wani tarkon shi ne filashi mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, babban fayil ɗin ɗorawar kuwa ya wuce hakan. Wanda ya kwafa da hannu zai ga kamar komai ya shiga, alhali uwar kayan tana waje. Manhajar Rufus, wadda kyauta ce, tana warware wannan idan an shirya filashin da ita.

Saƙon da ke cewa kwamfuta ba ta cika sharuɗɗa ba bai kamata a karɓe shi a matsayin hukuncin ƙarshe ba sai an leƙa BIOS. Na'urori da yawa suna da TPM amma a kashe take, an rubuta ta da sunan PTT a na Intel, fTPM a na AMD, kunna ta kawai ake yi. Idan ƙwaƙwalwar ce ta tsufa, Rufus na iya cire binciken, sai dai Microsoft ta faɗa ƙarara cewa ba ta ɗauki alkawarin sabuntawa ga na'urar da aka shigar ta wannan hanya ba. Akwai kuma katangar da dabara ba ta tsallake ta. A farkon 2024 sigogin gwaji suka fara neman wasu umarnai na cikin ƙwaƙwalwa, POPCNT da SSE4.2, sharaɗin kuma ya shiga sigar 24H2 da aka saki a Oktoba 2024. Kwamfuta mai Core 2 Duo ba ta da su, ba za ta ma tashi ba. Duk kuɗin da aka karɓa a hannun mai irin wannan na'ura da sunan sake gwadawa, kuɗi ne da aka ci a banza.

Tsayawa a tsakiyar aiki ita ta fi ba masu gyara wahala, domin dalilanta suna kama da juna. Lambar kuskure 0x80070070 na nufin wuri ya ƙare a faifai. 0xC1900101 yawanci rikicin direba ce, maganin farko shi ne a cire firinta da modem da duk abin da ke jone, a sake farawa. 0x8007025D kuwa tana nuna cewa fayil ya lalace, ko filashin ba shi da lafiya, ko ram ya fara gajiya. A nan ne kwafin hannu-da-hannu ke nuna illarsa: fayil ɗaya da ya samu rauni wajen saukewa zai iya bin shago goma, kowane shago ya ɗora wa kwamfutar abokin cinikinsa laifi. Filashin jabu, mai nuna girman da ba shi da shi, na yin irin wannan ɓarnar. Microsoft na wallafa lambar tantancewa ta SHA-256 ga fayilolin da take rabawa, kwatanta ta da ta fayil ɗin da ke hannu kuma bai wuce aikin 'yan mintoci ba. Abin takaici ne a buɗe na'ura a sauya faifai alhali wannan ɗan binciken ya isa ya nuna inda cutar take.

Yanayin wurin ma na da hannu. Laftof na hannu sau da yawa batirinsa ya mutu, da zarar wutar Kaduna Electric ta ɗauke ko janareto ya shaƙe, aikin ya yanke a tsakiya. Zafin bazara a ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe fankar ciki. Ɗora babbar manhaja na cikin ayyukan da suka fi gasa ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan zafi ya kai iyaka sai ta kashe kanta. Mai gyaran da ya share fanka, ya jona na'urar a batirin sola, ya yi aikin da sanyin safiya, ya kauce wa matsaloli masu yawa tun bai taɓa manhajar ba.

Matakin ƙarshe shi ne neman intanet da asusun Microsoft, wanda ya zama dole a sigar Home tun 2021, a Pro kuma tun 2022. Akwai umarnin da aka saba amfani da shi wajen tsallake wannan mataki, amma a Maris 2025 kamfanin ya cire shi, ya kuma fara cirewar ne daga sigogin gwaji. Idan sigar ba ta gane katin wayalas na na'urar ba, sai a jona waya da igiyar USB a ba ta intanet. Haɗarin da ya fi wannan girma shi ne mai gyara ya shigar da nasa asusun don a gama da sauri. Sigar 24H2 na iya kulle faifai da BitLocker da kanta, ta ajiye mabuɗin ceto mai lamba 48 a asusun da aka shiga da shi. Ranar da na'urar ta nemi mabuɗin, yana hannun mutumin da wataƙila ya bar garin ko ya manta kalmar sirrinsa.

Illar da ta keɓanta da sigar gwaji ita ce wa'adi. Sigogin Canary da Dev suna da ranar ƙarewa. Ana ganin ta idan an buga winver, akwai kuma ƙaramin rubutu a kusurwar dama ta ƙasan allo da ke nuna kwafin na gwaji ne. Wanda ke sabuntawa ba ya jin wannan wa'adi, domin sabuwar siga na zuwa kusan kowane mako, amma kowace tana cin gigabait da dama. A inda data ke da tsada kashe sabuntawa ake yi. Wa'adi na cika, gargaɗi ya fara, daga baya na'urar tana iya ƙin tashi. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogon cikin kwamfuta idan ya mutu yana ƙara dagula lissafin, tun da kwanan wata ya rikice, sabuntawar ma ta ƙi tafiya. Komawa tsohuwar siga ba tare da asara ba na yiwuwa ne cikin kwana 10 kacal. Bayan haka, fita daga Canary ko Dev yawanci sai an goge faifai an fara daga farko, takardun mutane da hotunan biki da aikin ɗalibi na shekara su tafi tare, idan ba a kwafe su ba. Ga mutumin Lambara akwai ƙarin kuɗin mota zuwa Boɗinga ko Sakkwato, da yinin da shago zai yi a rufe.

Ko sigar da aka kammala gwadawa ba ta tsira daga kuskure ba. A Oktoba 2018 Microsoft ta dakatar da raba sigar 1809 ta Windows 10 kwanaki kaɗan da sakinta, saboda tana goge fayilolin wasu mutane, ba ta maido da ita ba sai 13 ga Nuwamba. Idan wadda ta ratsa hannun masu gwaji ta yi haka, ɗanyar ba abin miƙa wa amana ba ce. Sabon irin da ba a tabbatar da shi ba a gefen gona ake jarraba shi, ba a zuba shi a gandun da iyali ke ci.

A ɓangaren waya ma haka ne. Tecno na cikin kamfanonin da suka shiga gwajin Android 12 a Mayu 2021 da wayar Camon 17. Komawa daga sigar gwaji ta Android na goge duk abin da ke cikin waya, wasu manhajojin banki kuma kan ƙi buɗewa a kan wayar da aka taɓa tsarinta. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wayar da ba ta tura kuɗi ta rasa rabin amfaninta ga ɗan kasuwa.

Lamarin bai rasa alheri ba. Matasan da ke fama da waɗannan matsaloli su ne ke koyon BIOS, da rabon faifai, da karanta lambar kuskure, ilimin da ba kowace makaranta ke bayar da shi a aikace ba. Mai gyaran da ya ga sauyi a sigar gwaji ya riga abokan sana'arsa sanin abin da zai iso shagonsa bayan watanni. Sai dai wannan riba tasa ce, kasadar kuwa ta mai kwamfuta ce, kuma rahoton da aka ƙirƙiro shirin dominsa ba ya isa ga kamfanin daga na'urar da aka kashe wa intanet. Gurbin gwaji shi ne tsohuwar kwamfutar mai gyaran, ko wani faifai na daban da ba a ajiye komai a cikinsa ba.

Ga na'urar da ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, akwai hanyoyin da ba na gwaji ba. Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, suna tafiya a kan tsofaffin laftof, kodayake sai an tabbatar firintar shago za ta yi aiki da su. ChromeOS Flex, wadda Google ta saki a 2022, ta fi dacewa da inda intanet ke da ƙarfi, don haka amfaninta a karkara taƙaitacce ne. Mai son ci gaba da Windows 10 kuma zai iya shiga shirin ƙarin sabuntawar tsaro na ESU, wanda Microsoft ta tsayar wa masu amfanin gida wa'adinsa zuwa 13 ga Oktoba 2026.