Haihuwa da Mutuwa a Zango: Sababan da Ke Hannunmu



Rai da ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma kowane abu da sababinsa, kuma yawancin sababan da ke ƙara ko rage mutuwar uwa da jariri suna cikin aljihu, da makaranta, da kwatar ƙofar gida.

A shekarar 1988, binciken lafiya na ƙasar Gana ya nuna mace tana haihuwar 'ya'ya sama da shida a rayuwarta, kuma cikin yara 1,000, kimanin 155 ba sa kaiwa shekara biyar. A binciken 2022, haihuwa ta sauka zuwa kusan huɗu, mutuwar yara kuma zuwa 40. Lissafin biyu tare suka sauka, domin idan iyaye suka ga 'ya'yansu suna rayuwa, ba sa haihuwa don cike gurbin wanda ƙyanda ko gudawa za ta ɗauke. A Nijar, inda da yawanmu muke da dangi, binciken 2012 ya nuna mace tana haihuwar sama da bakwai. Can yawancin jama'a manoma ne, yaro hannu ne a gona, asibiti kuwa da nisa. A Kumasi yaro kuɗin haya ne da abinci da makaranta.

Sababi na farko shi ne kuɗi da lokaci. Mai sayar da koko, ko yarinyar da ke dakon kaya a Kejetia, idan ta tafi awo ta rasa cinikin wunin, sai ta ɗaga zuwa gobe har nakuda ta cim mata. Alhali hawan jini da ƙarancin jini, masu hallaka mai ciki, a wurin awo ake gano su tun ba su yi ƙarfi ba. Tun 2008 mai ciki tana yin rajistar inshorar lafiya ta NHIS kyauta, awo da haihuwa suna ciki. Asibitin Manhyia yana kusa da mu, idan abu ya tsananta kuma a tura ta Komfo Anokye.

Na biyu shi ne muhalli. Gida ɗaya, iyalai da yawa, makewayi ɗaya. Da damina rafin Aboabo yakan cika da shara ya yi ambaliya, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun fi kama yaro ƙarami.

Na uku shi ne karatun 'ya mace. Tun 2017 makarantar sakandare ta gwamnati kyauta ce. Yarinyar da ta kammala takan yi ciki na farko bayan jikinta ya ƙosa, ta iya karanta katin rigakafi da takardar magani.

Na huɗu shi ne tazara. Kakanninmu sun ƙi kwanika, suna shayarwa shekara biyu kafin yaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ke nan: a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, uwa ta maido da jininta, na goye ya ƙoshi.

Saboda haka, maigida, ka ware kuɗin mota tun ciki yana wata bakwai, kada dare ya same ku babu shiri. Uwargida, ki fara awo cikin wata uku na farko, ki bar wa maƙwabciya rumfa na rabin wuni. A sabunta katin NHIS ta waya da lambar *929#. A kwana cikin gidan sauro. Mai tafiya Maraɗi ko Kano ta riƙe katin awo da na rigakafin yaro tare da takardun hanya, don ma'aikacin can ya ɗora daga inda muka tsaya.

Idan mai ciki ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko ɗan ya daina motsi, a rufe rumfa a tafi asibiti nan take.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya.