Furosesa: A Sauya Yanzu ko a Jira?

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, shagon kwamfuta ofis ne na jama'a. A nan ake buga takardar neman aiki, a nan ɗalibi ke duba sakamakon JAMB da WAEC da NECO, a nan ake ɗaukar hoton fasfo. Galibin na'urorin da ke wannan hidima na hannu ne, irin su Dell OptiPlex da HP, waɗanda aka sayo daga Funtuwa ko Kano. Idan ta fara nauyi, shawarar da mai shago ke fara ji ita ce ya sauya furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi. Sai ya shiga tunani: ya saya yanzu, ko ya dakata har farashi ya sauko?

Kafin wannan tambaya akwai wadda ta fi ta muhimmanci: mene ne ainihin abin da ke riƙe na'urar? Ana iya gano shi ba tare da kashe ko kwabo ba. A lokacin da aiki ya yi yawa, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Idan faifan ajiya ne ya tsaya a kashi 100, furosesa kuwa yana ƙasa da rabi, to ba shi da laifi. Tsohon faifai mai juyawa ne ke sa shi jira, kuma maganinsa SSD. Idan RAM ce ta cika, a ɗaga ta daga gigabait 4 zuwa 8. Wani lokaci ma ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, sai zafin bazara ya zo ya tarar da ita. Furosesa na rage gudu da kansa idan ya yi zafi, don kada ya ƙone. Bushe ƙura da sabunta man da ake shafa masa kan dawo da ƙarfinsa.

Idan kuwa an tabbatar shi ne ya gaza, sai a dubi bod, babban allon da yake zaune a kai. Kowane bod yana da irin gurbinsa. Gurbin LGA1155 na Intel yana ɗaukar furosesa na zubi na biyu da na uku ne kawai, LGA1150 kuma na huɗu da 'yan kaɗan daga na biyar. Ko LGA1151 da ya fara da zubi na shida, ba ya karɓar na takwas sai a kan sabon bod. Saboda haka mai Core i3 na zubi na uku iyakarsa i5 ko i7 na wannan zamanin. Masu AMD sun fi samun sarari, domin gurbin AM4 ya ɗauki zubi da yawa na Ryzen, galibi bayan an sabunta BIOS.

Wannan iyaka ta ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da ƙarin wa'adin tsaro zuwa Oktoba 2026 ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa, a hukumance, yana neman Intel na zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Wanda ya zuba kuɗi a i7 na zubi na uku ya sayi gudu, amma bai sayi tsaro ba. Shagon da ke riƙe da lambobin NIN da hotuna da takardun mutane amana ce a hannunsa, kuma filashin kowa na shiga na'urarsa.

To, me jira zai haifar? A Amurka da Turai mutane na jiran fitowar sabon zubi don tsohon ya yi araha. A nan, dala ce ke yanke farashi. Kafin Yuni 2023 ana canjin ta a hukumance a kan kusan naira 460. A 2024 ta haura 1,500. Daga ƙarshen 2025 kuma RAM ta yi tsada a duniya, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira na kwashe ta. Mai zaman jiran araha ba tare da tsari ba, jiran gawon shanu yake yi.

Sai dai akwai jira mai hikima, kuma mutanen yankin nan sun san dalilinsa. A Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har tsawon watanni. A watannin nan, kwamfuta mafi sauri ba ta iya buɗe shafin intanet ko guda. Ga kuma wuta: inda ta KEDCO ba ta da tabbas, fetur ya yi tsada tun cire tallafi a Mayu 2023, kuɗin furosesa kan fi amfani a sola da batir da UPS. Lissafin wuta ma yana goyon bayan sabuwar na'ura: Core i5-2400 an ƙera shi a kan wat 95, i5-8500 kuwa wat 65, ga shi da ƙwayoyin aiki shida maimakon huɗu.

Shawarata ke nan. Wanda aikinsa bugun takardu ne da intanet, ya sa SSD da RAM yanzu, ya bar furosesa. Mai haɗa bidiyon biki ko zanen fosta, wanda na'urarsa ke sa kwastoma komawa wani shago, kada ya jira; kullum asara yake yi. Wanda bod ɗinsa bai kai zubi na takwas ba, kada ya ƙara masa kuɗi mai yawa. Ya tara, ko ta adashi ko daga cinikin kaka, ya sa wa kansa wata, ya sayi cikakkiyar na'ura kafin lokacin rajistar jarrabawa. Ranar saye kuma ya sa a kunna ta a gabansa, ya karanta lambar furosesa da idonsa, ya karɓi rasit mai sharaɗin mayarwa kafin ya kama hanyar gida.